Da wane yadi ake yi wa rigar matan Filandas ta ƙarni na 16 shafi?

Mai Koyon Allura:

Assalamu alaikum, manyanmu. Ina so in ɗinka rigar sama irin ta matan kasuwar Antwerp (birni a yankin Filandas, arewacin Beljiyam ta yau) na tsakanin 1560 da 1570, wadda ake gani a hotunan da Pieter Aertsen da Joachim Beuckelaer suka zana: jiki matsattse, gaba a buɗe ana zarge shi da igiya, siket mai tattara, hannu kuma daban yake, da fil ake maƙala shi a kafaɗa. Shimi da rigar ƙasa na riga na gama su. Yadin waje ulu ne ja mai duhu, nauyinsa giram 280 a murabba'in mita, faɗinsa santimita 150.

Shafi ne ya tsaya mini. Abin da ke hannuna: farin lilin mara nauyi (giram 150), lilin ruwan ɗorawa (giram 240), auduga mai santsi irin ta rigar ofis, da kuma shafin nan mai sheƙi na roba da ake sa wa kwat. Wanne ya dace? Mita nawa zan tanada? Kuma yadi ɗaya zai yi mini daga kafaɗa har ƙasa?

Tsohon Tela:

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa: yadi ɗaya ba zai yi ba. Jikin rigar ƙarfi yake nema, siket ɗin zubi yake nema, kuma yadin da ya iya ɗaya ba ya iya ɗayan. Ni jiki zan yi magana a kai, siket na bar wa waɗanda suka fi ni sanin saƙa da rini.

Jiki hawa uku ne: ulu a waje, lilin mai kauri a tsakiya, lilin mara nauyi a ciki. Na tsakiyan nan shi ne ƙashin rigar, kuma ba ya cikin abin da kika lissafa. Ki nemi lilin ko yadin zaren rama mai tsauri irin na tanti, giram 280 zuwa 350, mai matsattsiyar saƙa wadda in kin ɗaga ta ga haske ba ki ganin ƙofofi. Rabin mita ya isa. Dalilin sa shi ke nan: ulu yana miƙewa, lilin kuwa da kyar yake ba da kai. In igiyar gaba ta ja ulu shi kaɗai, bakin rigar zai yi tudu da kwari tsakanin zobe da zobe, ƙugu ya yi layin tattara a kwance. In akwai mai kauri a ƙarƙashi, shi zai ɗauki jan, ulu ya kwanta a kansa lafiya lau.

Kafin ki yanka, ki ja yadin da hannu biyu a tsaye, ki kuma ja shi a kwance. Ɓangaren da ya fi ƙin miƙewa, galibi na zaren tsaye ne, shi za ki sa ya zagaye jiki. Tunda rigar ƙasarki ce ke riƙe ƙirji, hawa ɗaya ya isa a baya da gefe. Bakin gaba kaɗai za ki ƙara masa ƙyalle na biyu mai faɗin santimita 5, daga wuya zuwa ƙugu, ki haɗa su da layuka uku ko huɗu na ɗinkin hannu.

Yadda ake haɗawa: mai kaurin ki yanka shi daidai awo, ba rarar ɗinki ko kaɗan a wuya da hammata da bakin gaba. Ulu ki bar masa rarar santimita 1.5. Ki shimfiɗa mai kaurin a bayan ulu, ki kama su da dogon ɗinkin wucin gadi daga tsakiya zuwa gefe, sannan ki naɗo rarar ulun a kan bakin mai kaurin, ki ɗinke ta a jikinsa ba tare da allura ta fito waje ba. Inda baki ya lanƙwasa, kamar hammata, ki ɗan tsattsaga rarar don ta kwanta. Daga nan sai farin lilin ɗinki mai giram 150: ki kalmashe bakinsa, ki ɗora shi milimita 2 ko 3 daga bakin riga zuwa ciki, ki bi shi da ƙananan ɗinki. Santimita 60 za su ishe ki. Wannan 'yar tazarar ita ke hana fari leƙowa a wuya. Wanda ya ɗinka shafi da ulu fuska da fuska a keke ya juye su kamar jaka, da an ja igiya shafin zai mirgino waje, kuma guga ba ta gyara shi.

Abu biyu da ake mantawa. Na ɗaya, madaurin kafaɗa yakan faɗa a karkace ga saƙa, don haka yana ƙara tsawo da zafin jiki da gumi, har ya riƙa zamewa daga kafaɗa. Ki yanko gefen saƙa na lilin, faɗin santimita 1, ki ɗinka shi a bakin wuya ta ciki tun daga gaba har baya, ya ɗan fi bakin gajarta da kamar rabin santimita. Na biyu, zobban igiya. Na tagulla masu faɗin milimita 8 zuwa 10, tazarar santimita 2.5 zuwa 3, kuma zaren da ya ɗaure su dole ya ratsa shafi ya kama mai kaurin. In a jikin siririn lilin kaɗai suka tsaya, sawa biyu uku za su yage shi. Zaren lilin ne na wannan aikin, a goga masa kakin zuma.

Shafin roba mai sheƙi kuwa, ki ajiye shi don kwat. An yi shi ne don tufa ta zame a kan tufa, ke kuma so kike rigar sama ta kama ta ƙasa ta zauna. Ga riƙe gumi, ga zarensa yana warwarewa a inda aka ja. Araha ba ta ado. Haka ma yadin nan mai gam da ake mannawa da dutsen guga: a jikin ulu yana sakin wuri-wuri ya yi kumbura kamar ƙuraje, kuma babu yadda za ki mayar da shi bayan an rufe shafi.

Uwar Saƙa:

Baba ya gama da jiki, ba ni da abin ƙarawa. Ƙanwata, siket ne inda gizo ke saƙa, domin shafinsa ba ɓoyayye ba ne. Matan nan masu aiki ne, suna ɗage siket su soke a ƙugu ko su juya bakinsa baya, sai cikin ya fito da launi dabam da na waje. Ki buɗe manyan hotuna huɗu na Beuckelaer da ke National Gallery a Landan, waɗanda ya zana a 1569 da 1570 kan ƙasa da ruwa da iska da wuta, da na mai sayar da kayan lambu na Aertsen na 1567 da ke Berlin. Ki ƙura wa ninkin tufafi ido. Farin ƙyallen wuya da zanen gaba suna karyewa da kaifi, alamar lilin ke nan. Masu launi kuwa ninkinsu mai kauri ne, zagayayye, ba ya ɗaukar haske. Haka ulu yake faɗuwa.

Saboda haka zaɓina na farko shi ne ulu mara nauyi, giram 140 zuwa 180, saƙa mai sauƙi, ba sheƙi. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurin. Garin Hondschoote, wanda yau yake cikin Faransa kusa da Dunkirk, ya yi suna a ƙarni na 16 da wani siririn ulu mai rangwamen kuɗi da suke kira saai, ana fitar da shi ƙasashe ta Antwerp. Irin wannan yadin ne mace mai sayar da kifi ko kabeji za ta iya kai hannu gare shi.

Akwai kuma dalilin rini. Ja suna samunsa daga saiwar meekrap, wadda ake nomawa sosai a Zeeland, cikin ƙasar Holan ta yau, rawaya daga tsiron wouw, shuɗi daga ganyen wede. Ja da rawayan nan sai da alif suke zama, kuma ulu yana shan su sosai, lilin kuwa sama-sama yake ɗauka, ya koɗe da wanki da rana. Shuɗi ne kaɗai ke kama lilin da kyau, don sinadarin da ke cikin wede shi ne na baba, ba ya buƙatar alif. Shi ya sa lilin na lokacin yawanci fari ne, ko launinsa na asali mai toka-toka, ko shuɗi. Ƙasar kuwa ba ta rasa lilin ba, kwarin kogin Leie da ke ratsa Kortrijk zuwa Ghent wurin nomansa ne da saƙarsa. In dai lilin za ki sa a siket, ɗaya daga cikin ukun nan ya fi dacewa.

Lilin ɗinki ruwan ɗorawa fa? Daga nesa zai ba da sha'awa a kan ja, ba musu. Amma giram 240 ya yi nauyi. Ki yi lissafi: siket mai zagayen mita 3 da tsawon santimita 105 ya kai murabba'in mita 3.15. Ulun waje kaɗai kusan giram 880 ne. Shafi mai giram 150 zai ƙara wajen 470, mai 240 kuwa wajen 750. Duk wannan a ɗinkin ƙugu zai rataya. Ƙa'idar da nake bi: shafin siket kada ya wuce kashi biyu cikin uku na nauyin yadin waje. In ya wuce, shi ke jan ragamar, ulu ya daina zuba yadda ya saba, siket ya tsaya ƙiƙam. Ga shi kuma lilin in an soke shi a ƙugu na awa biyu, ya yi layin ninki ke nan sai an sa masa ruwa da guga.

Launi: a kan ja mai duhu, rawaya mai ɗan duhu, kore irin na ganyen zaitun, shuɗi, ko launin toka duk sun dace. Kore da suke samu shuɗi ne aka hau da rawaya, don haka ba ya walƙiya. Ki guji shunayya mai haske da ruwan hoda mai ƙyalli, rinin sinadari ne da bai zo ba sai daga 1856.

Awo: faɗi biyu na santimita 150, kowanne tsawon 110 har da rara, mita 2.2 ke nan. Ki sayi 2.5. Kafin ki yanka, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga shi da ƙarfi a jikin shafin sau goma, ki kuma goga a jikin jan ulun. In launi ya fito, zai zuba a kan rigar ƙasa da zanen gaba, kuma ja shi ne ya fi wannan hali.

Mai Koyon Allura:

Na gode, Baba, na gode, Yaya, Allah ya ƙara basira. Na fahimci zancen nauyi. Saura biyu. In siririn ulu bai samu a launin da nake so ba, audugar nan za ta iya tsaya masa? Sannan ina tunanin in yi rigar mai fuska biyu, yadda zan iya juya ta in sa ta ɓangaren shafi. Abin yana yiwuwa?

Mai Almakashi:

Malama, audugar da kika ce mai santsi irin ta rigar ofis ba za ta yi ba. Saƙarta ta yi matsi, tana ƙara in ana tafiya, tana kuma manne wa rigar ƙasa ta riƙa hawa sama. Auduga zalla ma ba ita ce yadin yau da kullum a Filandas ta lokacin ba. Abin da suke da shi shi ne fustein: zaren tsaye lilin, zaren kwance auduga, sau da yawa a taje fuska ɗaya ta yi laushi. Ulm da Augsburg a kudancin Jamus ne manyan masaƙansa, audugar tana zuwa musu ta Venice, kuma gidan Fugger da suka shahara da dukiya daga wannan sana'ar suka tashi. Ana yin shafi da shi sosai. To in ulu ya gagara, ki nemi gaurayen lilin da auduga, rabi da rabi ko kusa da haka, giram 160 zuwa 190. Ya fi lilin zalla laushin zubi, ya fi shi ƙin yamutsewa.

Ki yi hattara da abin da ake rubuta wa "kamar lilin". Ki yanko ɗan ƙyalle ki ƙona a kan faranti. Lilin da auduga suna ci da sauri, warin takarda, toka mai laushi. Ulu yana ƙin ci, warin gashi, ya bar baƙin dunƙule da ke murƙushewa a yatsa. Na roba yana narkewa ya bar ƙwallo mai tauri. Akwai kuma bisikos, zaren da ake sarrafawa daga itace a masana'anta, wanda yake ƙonewa kamar auduga, amma in kin jiƙa zarensa kin ja sai ya tsinke nan take, alhali na lilin ƙarfi yake ƙarawa in ya jiƙe.

Yanzu babbar matsalar haɗa ulu da lilin ko gauraye a siket ɗaya: ba sa tsukewa daidai, ba sa saki daidai. Ki yanka ƙyalle santimita 30 a kan 30, ki yi alamar santimita 25 da zare a tsaye da kwance, ki wanke a ruwa mai zafin digiri 60, ki shanya, ki goge, ki sake aunawa. In 25 ta koma 23.5, kashi 6 cikin ɗari ke nan, wato siket mai tsawon 105 shafinsa zai gajarce da fiye da santimita 6 a wankin farko, ya ja bakin ulu ciki ya yi kumbo. Don haka duk lilin da zai shiga rigar nan, har mai kaurin da Baba ya faɗa, a wanke shi sau biyu, a goge shi da sauran danshi. Ki ɗinke bakin yankan kafin wanki, in ba haka ba zai fito da gemu. Ulu kuwa ba a jefa shi a ruwan zafi. A shimfiɗa masa jiƙaƙƙen ƙyalle, a riƙa ɗora dutsen guga ana ɗagawa ba tare da ja ba, a bar shi a kwance ya bushe.

Sai bakin ƙasa, inda yawancin siket masu shafi ke lalacewa. Kada ki rufe shi da wuri. Ki ɗinka faɗin ulu daban, na shafi daban, ki haɗa su a sama da bakin gaba, ki yi tattara, ki ɗinka a jiki, sannan ki rataye rigar kwana biyu. Ulu zai sauka kaɗan da nauyinsa, lilin ba zai bi shi daidai ba. Bayan nan a daidaita tsawon a jikinki, da takalmin da za ki sa. Ki kalmashe ulu ciki santimita 3 zuwa 4, ki ɗora shafi a kai santimita 1 sama da baki, ki bar masa ɗan sassauci a tsaye kamar rabin santimita. In kin ja shi tsam, waje zai tattare. In kin sake shi da yawa, zai zubo ƙasa kamar jaka ya leƙo.

Tattara ma ta shafi zaɓin yadi. Mita 3 za su shiga ƙugun da bai wuce santimita 65 zuwa 70 ba tunda gaba a buɗe yake, wato fiye da ninki huɗu. Tattara ta kwance ninki uku take ci, sauran sai an hau wata a kan wata, kuma da shafi kowace tattara hawa shida ce ta yadi. Da lilin mai giram 240 allura ma sai ta yi gardama. Ki bar santimita 10 zuwa 12 na kowane gefen gaba ba tattara, ki tara yawancinta a baya.

Tsohon Tela:

Zancen fuska biyu, 'yata, siket zai yarda, jiki ne ba zai yarda ba. Zobban igiya a ciki suke, in kin juya sun fito fili. In kin ce ƙofofi za ki huda da basilla a maimakonsu, to sun yi ta kowace fuska, amma sai shafin jiki ya zama ulu shi ma, kin ƙara zafi da kauri a hammata, kin kuma rasa farin lilin da ke tsare ulu daga gumi. Ɗinkin ƙugu ma sai an gama bakin jiki daban, bakin siket daban, a haɗa su baki da baki da ƙananan ɗinki masu ƙarfi, kusan milimita 3 tsakani. Ana yi, amma aikin riga biyu ne a kan riga ɗaya. Shafin jiki shi ke fara mutuwa, a hammata da ƙugu, kuma amfanin ɗora shi da hannu daga ƙarshe shi ne ranar da ya mutu ki farke shi ki sa sabo cikin yini ɗaya ba tare da kin taɓa ulu ba. Mai fuska biyu ba ta ba ki wannan.

Hannu kuma da ba a yi maganarsa ba: farin lilin ɗinki mai giram 150 ya yi, santimita 70 na hannu biyu. Ki sa ɗan ƙyallen mai kauri, kamar santimita 4 a kan 6, tsakanin ulu da shafi a saman hannun inda fil ke shiga kullum, in ba haka ba wurin zai zama rariya. Fil ɗin na tagulla, na ƙarfe yana barin tsatsa a lilin.

Uwar Saƙa:

Gyara ɗaya ga abin da Malam Mai Almakashi ya faɗa kan bakin ƙasa. In shafin ulu ne kamar na waje, sassaucin rabin santimitan nan ba dole ba ne, tare suke sauka. Na lilin da gauraye ne ke buƙatarsa. Kuma tunda za a riƙa ɗage siket ɗin, ki kama shafi da ulu a layin ɗinkin gefe da na baya, rara da rara, da sakakken ɗinki duk santimita 5, don kada su rabu in an juya baki sama.

In siririn ulun da kika samu bai kai mita 2.2 ba, kada ki fasa saye. Awon yadi na Filandas, wanda suke kira el, kusan santimita 69 ne, yadudduka da yawa ba su da faɗin namu na yau, kuma haɗa guntaye abu ne da telolin lokacin suke yi ba kunya. Ki sa ulun mai launi a faɗin gaba biyu da kuma santimita 40 na ƙasa zagaye, inda ido ke kaiwa. Saman baya, wanda ke shiga cikin tattara, ki cike shi da lilin mara rini da aka riga aka wanke. Mita 1.5 na ulun zai kai ki a haka, tattarar baya ma ta fi sauƙin ɗinki. Sai dai zaren tsaye na kowane guntu ya bi tsawon siket, in ɗaya ya kwanta a kaikaice zai saki dabam da maƙwabtansa, layin haɗin ya yi ciki.